Numfashin da Aka Yanke wa Muzdalifa

Rana ta riga ta sunkuya bayan gidajen Tudun Wada, inuwar darbejiyar ƙofar gidan Alhaji Garba ta miƙe har ta haye katangar maƙwabta. Inna Hauwa na tsakar gida tana tankaɗe garin tuwo, kaji sun fara kewaya akurki. Daga can ƙuryar gida, a tsohon ɗakin niƙa, sauti ɗaya ne ke fitowa kamar yadda ya saba tun farkon damina: baiti guda na waƙa ya tashi, ya kai tsakiya, a tsayar da shi, a maido shi farko.

Ɗansu Zaharaddeen ne a ciki. Ya yi shekaru a Legas yana jan wayoyi a situdiyon wasu, yana leƙen yadda suke haɗa sauti ta bayan kafaɗarsu, har hannunsa ya faɗa. Da zaman ƙarƙashin wani ya ishe shi, ya tattaro kwamfutarsa da makirufo da lasifika biyu ya dawo Gusau, garin da tun ranar da ya sauka a tasha yake jin ya yi masa kaɗan. Ɗakin da marigayiya kakarsu ke niƙa a ciki, wanda aka mayar wurin jibge tarkace, shi ya share. Ya bi bangon da kwalayen ƙwai, ya lilliƙa soson tsohuwar katifa a kusurwoyi. 'Yar tagar da ke can sama kusa da azara kuwa ya cusa mata tsumma ya buga katako a kai, don kada kukan babura da na awaki su shigar masa aiki. Inna ta ce masa tsohuwa ba ta taɓa rufe tagar nan ba, ko ana ruwa da iska. Ya ce tsohuwa ba ta taɓa ɗaukar murya ba.

Waƙar ta bikin Aziza ce, 'yar baffansu da za a kai Tsafe bayan girbi. Ƙanwarsa Muzdalifa ce ta rera, ita da ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, mai murya ƙasa-ƙasa wadda ba ta da gaggawa. Ya ɗauke ta sau ba adadi. Bayan nan ya zauna da muryar shi kaɗai: ya miƙe duk inda ta ɗan karkace, ya ninka ta har ta zama kamar mata shida ke amshi, ya ɗora fiyano, ya ɗora bes mai kaurin sauti, ya ɗora kalangun kwamfuta a kan wasu ganguna biyu. Sannan ya bi layin muryar daki-daki, duk inda ta ja numfashi tsakanin kalma da kalma ya datse wurin ya matso da gaɓoɓin suka haɗe. Haka ya ga ana yi a Legas. Aiki mai tsabta, in ji su.

Duk da haka waƙar ta ƙi zama. Ya san akwai abin da ya lalace a cikinta, ya kasa gano ko mene ne, kuma babu mai gaya masa. Akwai wani zauren wasaf na samarin da ke haɗa kiɗa a ɗakunansu daga Gusau har Bunguɗu, amma tun dawowarsa duk wanda ya saka aikinsa a ciki, amsar Zaharaddeen ba ta wuce kalma ɗaya: shara. Ran da ya saka tasa, zauren ya yi tsit. Abokinsa Ashiru ya zo har ɗakin ya saurara, ya ce, “Ta yi,” idonsa na kan wayarsa. Zaharaddeen ya ji da ma zaginsa ya yi.

A wannan yammacin, yana maido da baitin farko, aka jefo dutse a kan kwanon ɗakin.

Ya fito a fusace yana neman 'ya'yan maƙwabta. Lungu ba kowa. Inna ta tsaya da rariya a hannu tana kallon sama. Kafin ya buɗe baki wani ya sake faɗowa, wannan karon a gabansu, a tsakiyar tsakar gida, kuma bai zo daga bayan katanga ba. Miƙe ya sauko, kamar an sake shi daga hannu. Inna ta sunkuya za ta ɗauka, ta yi sauri ta janye yatsunta. Dutsen na da ɗumi.

Daga ranar, da zarar rana ta yi ja, sai jifa. Ba ya faɗa wa kowa a jiki, ba ya fasa komai, amma ba ya fashi. Alhaji Garba, wanda ya yi ritaya daga sakatariya kuma ba ya son abin da zai tara masa mutane a ƙofar gida, ya ce a yi shiru da maganar, a yawaita addu'a. Zaharaddeen kuwa akwai abin da bai gaya wa kowa ba. In ya toshe kunnuwansa da abin sauraro yana aiki, daidai inda fiyano ke shigowa, sai ya ji tsaki. Dogon tsaki na tsohuwa, dab da kunnensa na hagu. Ya buɗe layukan sautin ɗaya bayan ɗaya yana nema, babu alamarsa a ko'ina. Ya maido baya, fiyano ya shigo, aka sake ja. Ya cire abin daga kansa ya zauna cikin ɗakin da ya toshe da hannunsa, shirun ya yi masa nauyi a ƙirji kamar an jiƙa bargo an rufa masa.

Ran wata Laraba, ana gab da kiran magariba, Muzdalifa na tsugune tana wanke shinkafa, sai ta miƙe tsaye. Ruwa na ɗiga daga yatsunta. Ta juya ta fuskanci ɗakin niƙa, ta buɗe baki, waƙar Aziza ta fito.

Inna ta fara cewa, “Ke, yanzu ake waƙa?” sai maganar ta maƙale.

Zaharaddeen ya leƙo daga ƙofa, tsigar jikinsa ta tashi tun kafin ya gane dalili. Muryar ba ta karkacewa ko kaɗan, miƙe take kamar zaren da aka ɗaure. Kalma na hawa kan kalma ba rata. Baiti ya ƙare, wani ya kama, ƙirjinta bai motsa ba. Yadda ya gyara ta a kwamfuta, haka take fitowa daga bakin mutum mai rai. Jijiyoyin wuyanta suka fito, leɓɓanta suka fara yin toka-toka, idanunta a buɗe suna zubar da hawaye, waƙar kuwa na tafiya da zaƙinta. Sai da ta kai ƙarshen amshi ta yanke jiki ta faɗi kan robar shinkafa.

Ta farfaɗo bayan an yayyafa mata ruwa, amma ba ta ce komai ba. Washegari ma haka, sai dai ta nuna abu da hannu. Da yamma ta yi, ta sake miƙewa ta rera waƙar har ta faɗi, kuma wannan karon ta daɗe a kwance har Inna ta fara salati da ƙarfi. Alhaji Garba bai ƙara maganar a yi shiru ba. Da sassafe ya hau mota zuwa Bunguɗu, ya dawo da Malam Attahiru.

Malam Attahiru gajere ne, furfura ta cinye gemunsa, ba ya ɗaga murya. Ya zagaya gidan a hankali, ya tsaya a ƙofar ɗakin niƙa ya yi sallama kafin ya shiga, ko da yake ba kowa a ciki. Ya shafa kwalayen ƙwai, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon katakon da ke kan taga. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, aka daka ganyen magarya aka zuba a ruwa, aka zaunar da Muzdalifa, Inna na riƙe da kafaɗunta.

Da inuwa ta rufe tsakar gida ya fara karatu. Duwatsu suka yi ta sauka a kan kwano, sannan suka ɗauke gaba ɗaya. Ko kaji ba su yi motsi ba. Muzdalifa ta sunkuyar da kai, ta fara murza tafin hannunta a kan tabarma gaba da baya, gaba da baya, kamar mai niƙa. Da ta ɗago, fuskar tata ce amma zaman bakin ba nata ba ne.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni.” Muryar tsohuwa ce, a shaƙe.

“Wace ce ke?”

“Na riga su zama gidan ga. Mai niƙa, Allah shi jiƙan ta, Maƙwabciya taka ce min.”

Inna ta saki wani ɗan sauti a maƙogwaro. Alhaji Garba ya runtse ido.

“Musulma ce ke?”

“Awo.”

“To mi ya haɗa ki da ɗiyar mutane?”

Hannun Muzdalifa ya tashi a hankali, ya nuna Zaharaddeen da ke rakuɓe jikin bango. “Wancan. Ya toshe min hanya, ya kulle ni ciki da abin ga nashi. Tun shuka nike jin waƙa guda, Malam. Guda! Ta tashi, ta faɗi, ta tashi, ta faɗi. In da mai daɗi ce sai in haƙura. Ganga ukku shika bugawa lokaci guda, kowace na son a ji ta. Ga wani abu mai gurnani kamar sa, ya haye kan muryar ɗiyar ya zauna. Ya sa mata shida amshi, dut ita ɗai ce. Wa taka amsa mawa? Sannan wancan mai ƙara kamar ana zubar da cokula…”

“Fiyanon shi ke riƙe da amshin,” in ji Zaharaddeen. Maganar ta fita kafin ya san ya yi ta. “In aka cire shi wurin zai zama fanko.”

“Zaharaddeen!” Alhaji Garba ya daka masa tsawa. “Ƙanwarka na kwance, kai kana gardama da aljana?”

“Ƙyale shi, Alhaji,” in ji muryar. “Fanko! Kakarka in tana niƙa, in dutse na magana sai ta yi shiru, in ta ɗauki waƙa sai ta sassauta hannu. Wa ya ce mata fanko? Kai ba ka bar ma kowa wuri ba. Har numfashin ɗiyar ka bi ka yanke. Shi ya sa na ce bari in sa ta yi maka ita yadda ka gyara ta, ka gani da idonka in mutum na waƙa haka.”

Abin da Zaharaddeen ya yi wata da watanni yana roƙon wani ya gaya masa ke nan, kuma ga bakin da ya fito.

Malam Attahiru ya tsoma yatsu a ruwan magarya ya watsa mata. Jikin ya zabura.

“Yanzu ke gyara kika zo yi?” ya ce, muryarsa ba ta tashi ba. “Da jifa? Da shaƙe yarinyar da ba ta toshe miki komai ba? Ni ba ruwana da kiɗa, ban san kansa ba, ban kuma zo yabonsa ba. Amma na koyar da yara karatu har na tsufa. Wanda ke son a gyara, yakan nuna inda aka yi daidai don a riƙe, ya nuna inda aka karkace don a miƙe, sannan ya bar mai abu da abinsa. Abin da kika yi sunansa zalunci, kuma za ki amsa shi gaban Allah. Tunda kin iya jero aibi, faɗi abu ɗaya da ya yi daidai.”

“Babu.”

Malam ya buɗe baki zai ci gaba da karatu.

“Tsaya!” Hannun ya koma murza tabarma. “Wurin da ta ambaci uwar amarya. Muryarta ta ɗan karye, gangunan sunka ɗauke, kalangu ɗai ya rage. Nan ya yi. Ina jin mantawa ya yi bai lalata wurin ba.”

“Ban manta ba,” in ji Zaharaddeen a hankali. “Da gangan na bari.”

Idanun Muzdalifa suka juyo kansa, suka daɗe. “Ashe kana da kunne. To mi ya hana ka aiki da shi?”

Malam ya ce, “Kin faɗi naki, an ji. Fita.”

“Sai an ƙone akwatin ga nashi.”

“Ba za a ƙone ba. Dukiyarsa ce.”

“To a yanka min baƙin bunsuru bakin ƙofa.”

“Ko ƙwai ba za a fasa miki ba. Kin ce ke Musulma ce, kin san hukuncin wannan.” Malam ya gyara zama. “Taga za a buɗe, don an same ki a wurin. Daga faɗuwar rana zuwa isha ba za a kunna komai a ɗakin nan ba, wannan ko ba ke ya kamata. Shi ke nan abin da kike da shi.”

“Da numfashin,” in ji muryar. “Shi maido mata abin da ya yanke. In ba haka ba mu ƙarasa waƙar.”

Kafin Malam ya amsa, bakin Muzdalifa ya buɗe, waƙar ta ɓalle, miƙaƙƙiya, ba rata. Inna ta ƙanƙame ta tana kiran sunanta. Malam ya ɗaga karatu, karon farko da aka ji muryarsa ta cika gidan, ya waiwayo tsakanin aya da aya ya dubi Zaharaddeen.

“Ba don ta ce ba. Na yarinyar ne ka ɗauka. In yana maiduwa, maida.”

Ya faɗa ɗakin. Ya kashe fiyano, ya kashe bes, ya kashe ganguna da matan amshi, layin muryarta kaɗai ya rage a allo, an yayyanka shi gunduwa-gunduwa kamar rake. Abin da aka datse a irin wannan aiki ba ya ɓacewa, yana nan ɓoye a bayan gefen kowace gunduwa, sai dai a ja gefen a buɗe. Ya kama na farko ya ja, ɗan tudun sauti ya bayyana, ya kunna. Daga lasifika aka ji shigar iska cikin ƙirjin mutum. A bakin ƙofa, Muzdalifa ta ja numfashi da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, waƙar ta ci gaba.

Ya bi na gaba. Suna da yawa, bai taɓa sanin yawansu ba sai yau. Tana gaba yana binta, wani lokaci ta riga shi isa wurin ta wuce a shaƙe, ya ji Inna na kuka, ya tsallaka ya tare ta a baiti na gaba. Zufa na ɗiga kan madannai. A bayansa ya ji an jawo turmi, ya waiga ya ga mahaifinsa, da babbar riga da komai, ya hau kai da guduma a hannu yana ɓamɓare katakon tagar. Ƙusa ta yi ƙara ta fita. Alhaji ya finciko tsumman, ƙura ta zubo masa a fuska, iskar magariba ta shigo da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa.

A amshin ƙarshe muryar lasifika da ta bakin ƙofa suka ja numfashi tare, suka sauka tare.

“Na fita,” in ji tsohuwar, can ƙasa. “Na yi alkawari ba ni komawa jikinta.”

“Allah ne shaida,” in ji Malam. “Ta yatsan ƙafa, ba ta ido ba.”

Babban yatsan ƙafar Muzdalifa na hagu ya karkaɗa. Ta yi atishawa, jikinta ya saki a hannun Inna. Wani kwalin ƙwai da ke kusa da taga ya ɓalle ya faɗo, shi ke nan. Daga masallacin unguwa aka tayar da salla.

“Inna,” in ji Muzdalifa da muryarta, a dishe, “ruwa.”

Jifa bai sake dawowa ba. Zaharaddeen ya yi kwanaki yana aiki da rana, taga a buɗe, kukan babura na shigowa yadda ya ga dama. Ya bar ganga ɗaya. Ya mayar da bes can ƙasa inda sai an kasa kunne. Fiyanon bai cire shi duka ba, ya bar shi a wuri biyu, don har yanzu yana ganin a nan tsohuwar ba ta yi masa adalci ba. Da ya gama ya saurara daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsayar ba, ya san bai taɓa yin aiki kamar wannan ba, ko a Legas.

Ya sami Muzdalifa a inuwar darbejiya tana tsince wake, ta ɗan rame, ƙasan idonta ya yi duhu. Ya tsuguna ya miƙa mata wayarsa da abin sauraro.

“Ki ji, ki gaya mini gaskiya. Duk abin da kika ce zan ɗauka.”

Ba ta karɓa ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

“Na ji ta, Yaya. Ina ciki ai lokacin da kake gyarawa. Ina jin komai, numfashi ne kawai ba ni da shi.” Ta ture wata 'yar tsakuwa gefen tire. “Ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau. Ka bai wa Aziza wata, wannan kada a sa ta a bikin. Kuma kada ka ƙara kunna ta in ina cikin gidan nan.”

Ya buɗe baki. Ya dubi wuyanta, inda jijiya ke bugawa a hankali, ƙirjinta na hawa yana sauka. Ya naɗe wayar abin sauraron a yatsunsa, ya sa a aljihu, ya jawo tiren ya fara taya ta tsintar wake.